Ma'aunin Da Ya Yi Mini Ƙarya A Buza

Sallama gare ku ƴan uwa, da waɗanda sunka saba bina da waɗanda yau ne farkon shigowarsu. Ni ce dai Fiddausiya, ɗiyar Illa mai kilishi na bakin tashar Madawa. Kwana biyu kun ji ni shiru, har wasu sunka biyo ni ta bayan fage suna tambaya ko lafiya. Lafiya lau, zuciya ce ba ta zauna ba.

Ga wanda bai sani ba, na koyi girki a wata santir ta koyon sana'a a Tawa, na dawo gida na kama gashin kaji da rago sukutum na biki da suna. Iliyasu kuma shi ne mai nemana, ɗan Buza, yana fataucin albasa zuwa Abijan. Dawowarsa ta bara ya kawo mini kado, wato tsaraba: ma'aunin zafin nama, wanda ni da ƙawayena muke ce ma tarmo. Ɗan abu ne ja, bai wuce tsawon bik na rubutu ba, da ƙaramin allo mai nuna lamba, da tsinken ƙarfe mai naɗewa a jikinsa. Ki soka tsinken a kaurin cinyar kaza, ban da taɓa ƙashi, in ya nuna saba'in da biyar to ta nuna har ciki. Ranar da ya ba ni, shi da kansa ya zauna a tabarmar zaurenmu ya karanta mini takardar da ke cikin kwalin. Ya ce, "Tsinken kawai ake gogewa, Fiddo. Kar ki bari ruwa ya taɓa jikinsa."

Da yayarsa ta haihu, Iliyasu ya nace sai ni zan gasa kajin suna, wai don mahaifiyarsa Hajiya Suwaiba ta ga hannuna kafin manya su zo gaisuwar neman aure. Na tahi Buza da ƙawata Salima, wadda muke aikin tare. Kaji sunka sha tafarnuwa da citta da yaji, na jera su kan waya. Na soka tarmo, ya ce saba'in da takwas. Na ɗan yi mamakin saurin, sai na ce a raina gawayin Buza ne mai ƙarfi. Na sauke, anka kai ma baƙi.

Bayan kaza ja-wur, ciki jini kwance a ƙashi. Wasu sun ture, wasu sun ci don kunya. Hajiya ta ɗaga cinya ɗaya a gaban mata ta ce, "Ɗiyar mahauta ce hwa anka ce mini. To ko naman ba ta iya ba, mi za ta iya?" Iliyasu na tsaye bakin ƙofa da ledar goro a hannu. Ya ji. Ya sunkuyar da kai ya fita. Washegari anka kai yara biyu da wani tsoho, kawun Iliyasu, likita da amai da gudawa. Allah ya taƙaita, duk sun warke. Gaisuwar manya kuwa anka ɗage ta ba rana.

To a nan muke.

Bayan ƴan kwanaki, da safe ina zaune ƙarƙashin rumfar langa-langa ta tsakar gidanmu, ko ɗankwali ban ɗaura daidai ba, sai ga Goggo, yayar Baba, ta yi sallama. Tun daga Azarori ta hawo kabu-kabu, da lihayarta, wato babban mayafinta mai ruwan ƙasa, da carbi naɗe a hannu. In kun ga Goggo da wannan lihayar, ba gaisuwa ta kawo ta ba.

Inna ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma, na durƙusa na gaishe ta. Ba ta ko taɓa furar da na aje ba.

"Har Azarori magana ta kai," ta ce. "A bakin rijiya na ji ta."

"Goggo, ƙaddara ce."

"Ƙaddara kam. Amma akwai gyara. Ki sa mayahinki ki tahi Buza, ki durƙusa gaban Hajiya, ki ce kin bar sana'ar wuta. Macce da gashin nama awa ɗan tasha? Yaron ga na son ki. Gida irin nasu ba kullum suka buɗe ma irinmu ƙohwa ba."

Irinmu. Na dubi Inna ko za ta ce wani abu, sai na ga ta maida kai kan tsintar shinkafa.

"Goggonki gaskiya ta hwaɗa," ta ce a hankali. "Ni dai in gan ki ɗakinki."

"Inna, zan ba Hajiya haƙurin yaran da sunka kwanta, wannan dole ne. Amma sai na san abin da ya sa kajin nan ba su nuna ba."

"Mi za ki sani? Ba su nuna ba, shi ke nan," in ji Goggo.

Wayata ce ta yi ƙara a cinyata. Madam Murja ce, ungozoma ta Kaita, wadda ta ba ni aikin bikin ɗiyarta tun kafin sunan Buza. Na shige ɗaki na kunna muryar da ta turo.

"Fiddausiya, na ji wani zance daga Buza. Ni ba na son yanke hukunci kan ji-ta-ji-ta, amma baƙina daga Tawa da Yamai za su zo. Ki gaya mini gaskiya, in nemi wani ko in jira ki?"

Na rubuta mata: "Madam, abin da kika ji ya faru. Ki ba ni zuwa Juma'a. In ban gano dalili ba, ni da kaina zan ce ki nemi wani."

Ta turo: "To."

Ƙarƙashin saƙonta ga na Iliyasu jere, wanda na sa ma suna Ɗan Buza a wayata. "Kin tashi lafiya?" "Kin ci abinci?" "Komai zai wuce, ki yi haƙuri." Haka yake turowa kullum tun ranar sunan. Ban amsa ko ɗaya ba. Ƴan uwa, ba girman kai ba ne. In na ga sunansa, ƙeyarsa nake gani lokacin da yake fita da ledar goro.

Na ɗauko tarmo a ƴar jakarsa na nufi gidan su Salima, don ita ke da firigo, ƙanƙara take saidawa.

A santir an koya mana yadda ake kama ƙaryar ma'auni. Na daka ƙanƙara a turmi, na cika kofin silba da ita, na zuba ruwa kaɗan na motsa. Ruwan ƙanƙara sifili ne, ko a Madawa ko a Makka. Na soka tsinken tsakiya, ban bari ya taɓa gindin kofi ba. Lambobi sunka yi ta sauka, sunka tsaya a sha uku.

"Mi ya ce?" in ji Salima.

"Ya ce ƙanƙararki na da ɗumi."

Ta yi dariya, ni ban yi ba. Na ɗora ruwa a gas ya tafasa, na sa tsinken. Ya haura ɗari, ya wuce ɗari da goma, sai allon ya cika da wasu haruffa, lamba ta ɓace gaba ɗaya. Na zauna a kan bokiti na yi lissafi. In yana ƙara sha uku ko fiye, to kajin Buza ba su wuce sittin da biyar ba lokacin da na sauke su.

Na fara zargin pil, wato batirinsa. Na leƙa butik ɗin bakin layi na sayo sabo, irin mai kamar maɓallin riga. Na sa, na maida shi cikin ƙanƙara. Sha uku dai. Na goge tsinken, na naɗe na buɗe, na kashe na kunna. Sha uku. Sai da na karkata shi wajen hasken ƙofa na ga wani abu kamar hazo kwance a cikin allon, ta ciki, inda yatsa ba ya kaiwa.

Na aro ƙaramin turnabis ɗin kwance ƙusa da mijin yayar Salima ke gyara rediyo da shi. Na shimfiɗa farin ƙyalle don kar ƙusoshin su ɓace, na kwance bayan tarmo a hankali. Ƴan uwa, ciki jiƙe yake. Ɗan ƙarfen da ke danne pil ya fara yin kore, ga wani farin abu ya bushe a lungu-lungu. Na kai hanci. Ƙamshin garin sabulu.

"Salima, abin nan an tsoma shi a ruwan wanki."

Ta daina ɗaure ledar ƙanƙarar da ke hannunta.

"Ruwa na ɓata shi ne?"

"Kashe shi yake yi. Ni ban taɓa wanke shi ba, auduga da alkol na likita nake goge tsinken."

Ta zauna a bakin gado. Ta ce, "Wallahi ban san haka ba ne, da na gaya miki tun a can. Da safen sunan, kina bayan gida kina hura gawayi, Hajiya ta ga jakar a kan tire ta tambaya. Wata ta ce mata ai irin na likita ne, wanda ake sa ma yara a hamata. Ta ce ba za a soka mata wannan a abincin baƙi ba sai an wanke. Ta kira Iliyasu, ta tsaya a kansa, ya tsoma shi a robar wanke-wanke ya cuɗe, ya goge da hannun rigarsa ya maida jaka. Ni har daɗi na ji, na ce dubi yadda yake taya ki aiki."

Ban yi kuka ba. Na so in yi, bai zo ba. Abin da ke ta juyawa a kaina shi ne muryarsa a zaurenmu, yana bin takarda da yatsa. Ya sani. Lokacin da Hajiya ta ɗaga cinyar kazar nan, ya san dalili, ya fita ya bar ni da mata.

Salima ta ce, "Kira shi yanzu."

"A'a. Sai na tada wannan tukuna."

Na koma gida da shi a buɗe cikin ƙyalle. Na tsoma auduga a alkol, na naɗa ta a tsinken ashana, na bi koren nan ina gogewa har ƙarfen ya fito fari. Na share sabulun lungu-lungu. Na ciko gwangwanin madara da ɗanyar shinkafa, na binne shi ciki ba pil, na rufe, na ɗora saman kwaba. Inna ta ce in shanya shi a rana mana ya fi sauri. Na ce rana na ƙona allon. Ta girgiza kai ta ce yau ga shinkafar da anka ba ƙarfe.

Goggo ba ta koma Azarori ba. Ta ce sai ta ga ƙarshen taurin kaina. Safe da yamma zance ɗaya ne, in tahi Buza in durƙusa. Ban gaya musu abin da Salima ta faɗa ba. Na san Goggo, cewa za ta yi in rufa ma mijin gobe asiri, mace ta gari haka take yi. Ni kuma ban shirya jin wannan ba.

Da na ga hazon allon ya ɓace, na haɗa shi, na sa sabon pil, na ɗaure ƙusoshin. Salima ta kawo ƙanƙara a kula. Na soka da bismilla. Ya sauka, ya sauka, ya tsaya a biyu. Akwai wani ɗan maɓalli a bayansa na saiti, na danne shi tsinken na cikin ƙanƙarar, har allon ya ƙifta ya dawo sifili. Na fidda, na bari ya huce, na maida. Sifili. Ruwan tafasa kuma casa'in da tara, daidai yadda malamarmu ta ce zai nuna a ƙasarmu mai ɗan tudu.

Ban yarda ba duk da haka. Na sayi kaza ɗaya na tahi rumfar Baba a tasha. Yana jera kilishi a kan karan shanya, ƙudaje na ta shawagi bayan gidan sauron da ya lulluɓa. Na roƙi gefen wutarsa. Bai tambaye ni komai ba, ya matsa. Da tarmo ya ce saba'in da biyar na sauke, na karɓi wuƙarsa na tsaga cinyar har ƙashi. Fari tas, ruwan da ya fito garau. Daga yau haka zan riƙa yi, ƙanƙara kafin aiki, wuƙa bayan aiki, ko da ma'aunin daga sama ya faɗo.

Baba ya yagi tsoka ya tauna.

"Gishiri ya yi kaɗan," ya ce. Sai ya ƙara yagar wata.

Na ɗauki hoton ƙanƙarar da sifili, da na cinyar a tsage, na tura ma Madam Murja da bayanin ruwan da ya shiga. Ban faɗi sunan kowa ba. Ta amsa: "Ki taho Asabar da safe. Zan turo mota."

Ranar Juma'a bayan la'asar anka ce ana sallama da ni. Na sa doguwar riga baƙa mai ɗinkin zare ja a wuya, na yafa gyale, ko kwalli ban sa ba. Iliyasu ne zaune a kan motonsa, wato babur, cikin shaddar bazan shuɗiya da ta sha guga, ya rame kaɗan. Munka shiga zaure. Bayan gaisuwa ya ciro wani kwali daga leda ya aje gabana.

"Na sa an kawo miki daga Yamai. Wannan ruwa ba ya shigarsa."

Na dubi kwalin, na dube shi.

"Wa ya ce maka ruwa ne ya shiga nawa?"

Waje wani mai kura na wucewa yana buga jarka.

"Fiddo, Hajiya na tsaye a kaina. Na ce tsomawa ɗaya ba za ta yi komai ba. Da na ga jinin nan na gane, amma mata sun cika gida, ga surukan yayata. In ce mi? In ce uwata ce ta sa?"

"Ka ce kai ne ka wanke. Hannunka ne ai."

"Kin san halinta. In ta ji kunya a gaban mutane, maganarmu ta mutu."

"Yanzu tana da rai ne?"

Ƴan uwa, kar ku ɗauka ba na son shi. Yana zaune yana murza makullin moto, ni kuma zuciyata na cewa ki karɓi kwalin nan a wuce wurin. Iliyasu ne fa, wanda ya taɓa biyo ni har Tawa da ruwan sama don kawai ya kawo mini maganin mura. Amma na hango kaina a gidansu, duk ranar da anka ɗora tukunya a tuna ɗiyar mahauta da ta kai yara likita, shi kuma yana bakin ƙofa da kai a sunkuye.

Na tura masa kwalin.

"Nawa ya tashi, na gyara shi. Abin da nake so ba a saida shi a Yamai. Ka je ka gaya ma Hajiya abin da ya faru, a gaban yayarka da kawunka da ya kwanta. Ba na son a ba ni haƙuri. A dai san gaskiya. Ni ma zan je in duba yaran, don da hannuna na sauke kajin."

"In ta ce a fasa fa?"

"To a fasa a kan gaskiya."

"Kin iya rabuwa da ni ke nan."

"Ban iya ba. Shi ya sa nake roƙonka."

Ya miƙe tsaye. Sannan ya ɗauki kwalinsa, ya ce in gaida Inna, ya tada moto. Har gari ya waye ba saƙo. Ko "kin ci abinci" babu.

Asabar da safe motar Madam Murja ta iso, wata tsohuwar fikap fara. Ni da Salima muna ta lodin waya da buhun gawayi da kulolin kaji, na sa atamfata kore ta aiki na ɗaure kai tamau, sai waya ta yi ƙara. Ɗan Buza.

"Na faɗa mata jiya a gaban kowa. Ba ta ce mini komai ba. Yanzu ta sa yayana ya fiddo mota, mun kamo hanyar Madawa. Ta ce da Baba za ta yi magana."

Na karanta ma Inna. Nan na ba su labarin robar wanke-wanke a tsaitsaye. Goggo ta dafe ƙirji.

"To sauke kayan ga. Surukarki na tahe ki kama hanyar Kaita? Shiga ki yi wanka ki sa bazan."

"Goggo, biki ne. Na yi alkawari."

"Aurenki ko kajin wata?"

Inna ta riƙo hannuna, idonta ya kawo ruwa. Sai ga Baba ya fito daga ɗakinsa yana gyara hula. Ashe duk yana ji.

"Wa anka ce za a gani?" ya tambaya.

"Kai, Baba."

"To ga ni. Ke tahi wurin aikinki."

Goggo ta fara magana, ya ce, "Yaya, a shimfiɗa ma baƙi tabarma." Ya wuce zaure ya zauna.

Na shiga gaba kusa da direba, Salima a gefena, jakar tarmo a cinyata. Wanda ya san ƙasarmu ya san hanyar Kaita ta Buza take bi, hanya ɗaya ce babu wata. Mun bar gari, mun wuce gonakin albasa, mun fara hawan duwatsu, sai na hango wata mota ruwan toka tana tahowa. Na san ta. A wani wuri mai ramuka dole duk munka rage gudu, har madubi ya kusa taɓa madubi.

Iliyasu na baya. Hajiya Suwaiba na gaba, da farin mayafi da tabarau. Ta juyo, ta dubi buhun gawayi da wayar gashi a bayan fikap, sannan ta dube ni. Na rusuna daga zaune na gaishe ta. Ta sauke gilashi, ta ɗaga hannu alamar mu tsaya.

Direba ya taka birki ya ce, "Malama, in kashe mota ne?"

Na gyara gyalena, na miƙa ma Salima jakar, na kama murfin ƙofa.

"Bar ta a kunne," na ce. "Gaisuwa zan yi, ana jiranmu a Kaita."